Me ya haɗa zanen gidan masu kuɗi da rajistar gidan yari?

"Assalamu alaikum Malam. Na ga labarin wasu zane-zane da aka sace a wani katafaren gida a Amurka inda ake baje kolinsu, wai sun kai dala miliyan 500, kuma wai sama da shekara 30 masu bincike na ta bin fursunoni da takardun gidan yari. Abu biyu ne suka ɗaure min kai, na farko me ɓarawo zai yi da zanen da duk duniya ta san shi tunda ba zai kaishi kasuwa ba, na biyu kuma me ya haɗa wanda ke kulle a kurkuku da satar da aka yi a waje? Don Allah a warware min."

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na gane gidan da kake nufi, gidan Isabella Stewart Gardner ne a birnin Boston, kuma tambayoyin naka biyu ai guda ɗaya ce, don in ka gane abin da ɓarawo ke yi da irin wannan zanen to kai da kanka zaka ce a tafi gidan yari a buɗe rajista. Amma bari in faɗa tun farko, ni ban yi aiki a kan wannan fayil ɗin ba, abin da zan kawo shine wanda ya fito fili a kotu da jaridu. Nawa aikin tantance asara ne a harkar inshora, na daɗe ina shiga gidajen masu hali ina rubuta kayan da suka tara, kafin nan kuma na yi shekaru a ofishin wani lauya inda ni ake aike gidan yari nemo takarda, to ta nan nake kallon maganar.

Gidan da daren da aka shiga

Ita wannan matar attajira ce, ta gina gidan da fasalin fadojin birnin Venis na Italiya, da fili a tsakiya cike da furanni, ta buɗe shi ga jama'a a 1903 tana zaune a hawa na huɗu har ta rasu a 1924. Ta bar wasiyya mai tsauri cewa kar a matsar da komai daga inda ta ajiye shi, in aka saɓa a sayar da kayan a ba jami'ar Harvard kuɗin. Shi yasa har yau in ka shiga zaka tarar da firem-firem ɗin zanen da aka sace rataye a bango babu komai a ciki.

Daren 18 ga Maris 1990, gari na cikin ragowar shagalin bikin Saint Patrick na 'yan asalin ƙasar Ailan, wajen ƙarfe 1:24 na dare wasu mutum biyu sanye da kayan 'yan sanda suka danna ƙararrawar ƙofar gefe suka ce an kira su ne kan wata hayaniya. Mai gadin, wani matashi ne mai kiɗa sunansa Rick Abath, ya buɗe musu alhali dokar wurin ta hana. Maɓallin kiran 'yan sanda guda ɗaya ne tal a gidan kuma a teburinsa yake, suka yi masa dabara ya taso daga teburin, shikenan zance ya ƙare, suka ɗaure shi da abokin aikinsa da ankwa da salatif a ɗakin ƙasa. Minti 81 suka yi a ciki, wanda a harkar sata wannan zama ne na mai gida ba na baƙo ba. Suka tafi da kaya 13, akwai zanen Vermeer na masu kiɗa su uku, wanda duk duniya zanen mutumin da aka sani basu kai 40 ba, akwai na Rembrandt na jirgin ruwa cikin guguwa a tekun Galili na 1633, shi kaɗai ne zanen teku da ya taɓa yi kuma da wuƙa suka yanke shi daga firem, akwai ƙananan zane biyar na Degas, da ɗaya na Manet, da wani tsohon kofin tagulla na ƙasar Sin, da wata mikiyar ƙarfe ta saman tutar sojojin Napoleon. Babban zanen Titian da masana ke cewa ya fi komai daraja a gidan kuwa ko taɓa shi basu yi ba. Kuma gidan bashi da inshorar sata a lokacin, wannan kam duk sanda na tuna sai na dafe kai.

Irin waɗannan gidajen matsalarsu ɗaya ce duk inda suke, an tsara su ne don ido da jin daɗin mai gida, tagogi manya, ƙofofi barkatai, zane a rataye inda hannu zai kai. Ranar da aka ce jama'a su shigo su kalla kuwa, an ba kowa damar ƙirga taku daga ƙofa zuwa bango. Na taɓa zuwa duba wani gida kafin baje kolin kwana uku da mai gidan ya shirya wa abokansa, ya kashe kuɗi sosai a kan kyamara, amma da na ce a bani sunayen masu kawo abinci da masu jera kujeru da mai gyaran wuta babu wanda ya rubuta, kuma zanen nan ko ɗaya ba a ɗauki hoton bayansa ba, alhali bayan zane shine katin shaidarsa, tambarin gwanjo da tsoffin lambobi da facin da aka taɓa yi duk a can suke. Da ɗan gari kan ci gari, a fayil ɗin da suka bi ta hannuna da wuya ka ga wanda babu hannun wanda ya taɓa shiga gidan da izini. Ko a Boston ɗin an daɗe ana zargin mai gadin, don na'urar da ke gane motsi bata nuna ɓarayin sun shiga ɗakin da aka ɗauke zanen Manet ba, takunsa shi kaɗai ta nuna a daren, sai dai ba a taɓa gurfanar da shi ba, ya musanta har ya mutu a 2024.

To me ɓarawo zai yi da shi

Gaskiyarka, ba ya sayuwa. Akwai kundin Interpol na kayan fasaha da aka sace, akwai wani kundin mai zaman kansa a Landan da manyan gidajen gwanjo ke dubawa kafin su karɓi kaya, duk dillalin da ya ga Vermeer ɗin nan waya zai ɗaga. Labarin wai wani hamshaƙi ne ke ba da odar sata ya ɓoye zanen a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana kallo shi kaɗai, wannan yafi yawa a fim. Abin da aka fi gani shine ɓarayin ba masana zane bane, 'yan fashi ne na yau da kullum, sun ji ana cewa miliyan kaza sai suka ɗauko, daga baya suka ga sun ɗauko wa kansu dala ba gammo. Daga nan amfaninsa biyu ne. Ko a ba da shi jingina tsakanin masu laifi, a karɓi ƙwaya ko makami a kansa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ko kuma a adana shi don ranar da aka shiga hannu, a ce da mai gabatar da ƙara rage min shekaru in nuna maka inda yake. Wannan na biyun shine ya kai mu gidan yari.

Kuma ba zato bane, an yi an gani a Boston ɗin tun kafin 1990. Wani shahararren ɓarawon zane Myles Connor an kama shi a 1974 yana ƙoƙarin sayar wa jami'in FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, da ya ɓad da kama zanen da aka sato daga gidan iyalan Woolworth a jihar Maine. Yana jiran hukunci sai a 1975 aka ɗauke wani zanen Rembrandt da rana tsaka daga babban gidan zane na Boston, ya shiga tsakani zanen ya dawo, shi kuma aka sassauta masa. Duk wani ɗan daba a garin ya ji wannan labarin ya kuma ɗauki darasi.

A ƙasar Ailan ma haka, gidan Russborough na attajiri Alfred Beit, a Afrilun 1974 wata 'yar masu kuɗin Ingila Rose Dugdale da ta shiga ƙungiyar IRA, masu yaƙin raba Ailan ta Arewa da mulkin Birtaniya, ta ƙwanƙwasa ƙofa wai motarta ta lalace, mutanenta suka afka da bindiga suka kwashi zane 19, abin da suka nema fam 500,000 da kuma a mayar da wasu 'yan'uwa mata biyu 'yan gidan Price daga kurkukun Ingila zuwa Ailan ta Arewa. Kaga tun daga takardar neman fansa maganar fursuna ce. Ba a yi sati biyu ba aka gano kayan a wani ɗan gida a yankin Cork, ita kuma ta sha ɗaurin shekara 9. Abin dariya, ita wannan kafin nan gidan ubanta ta fara yi wa sata. Gidan Russborough kuwa sai da aka sake shiga a 1986 da 2001 da 2002. Na baya-bayan nan kuma, zanen Van Gogh biyu da aka sace a Amsterdam a 2002, sai a 2016 suka fito a kusa da Naples a wani gida mai alaƙa da dillalin hodar iblis Raffaele Imperiale, wanda ya saye su ya ajiye shekara da shekaru.

Abin da ake nema a rajista

Mutane na ɗauka takardun gidan yari suna da lamba ne kawai, a'a. Akwai ranar shiga da ranar fita, da ranar da aka kai mutum kotu ko asibiti aka dawo da shi, da ɗakin da ya kwana da wanda suka kwana tare, da littafin masu ziyara, da wasiƙu, da wanda ke turo masa kuɗi, a gidajen yarin tarayya na Amurka kuma ana naɗar kiran waya in ba da lauya ake magana ba. Mai bincike abu uku yake ci a ciki.

Na farko wankewa. Sunan da ya fara zuwa bakin kowa a Boston da safiyar satar shine Connor, amma rajista ta nuna yana tsare a hannun gwamnatin tarayya kan laifin ƙwaya, to ba shi ya sa kayan 'yan sandan ba. Babu shaidar cewa mutum ba ya wurin da aka yi laifi da ta kai ta kurkuku ƙarfi. Sai dai ko ita sai an bi a hankali, na taɓa ɗauko takardar wani da lauyanmu ke karewa wadda ta nuna yana tsare ranar da aka yi laifin, muna murna, da na koma na roƙi gandiroba ya buɗe min littafin bakin ƙofa sai ga shi an ba da belinsa kwana biyu kafin nan, babban littafin ne ba a cike ba sai bayan sati. Tun daga ranar bana yarda da littafi ɗaya.

Na biyu haɗawa, kuma nan ne maganar tafi daɗi. Wanda ke kulle bai yi satar ba amma ana iya yinta dominsa, to sai a duba wa ya zo ganinsa kafin da bayan. Shi Connor da bakinsa ya ce shekaru kafin nan sun zaga gidan Gardner da abokinsa Bobby Donati suna nazarin yadda za a shiga, ya ce kuma wani David Houghton ya ziyarce shi a tsare ya gaya masa shi da Donati suka yi don su fito da shi. Wani ɗan jarida da ya daɗe a kan maganar kuma ya ruwaito cewa Donati ya je wurin ubangidansa Vincent Ferrara, wani jigon mafiya da aka kama a 1989, ya ce masa zai yi abin da zai sa a sake shi. Labarin biyu sun sha bamban a kan wa za a fitar amma sun haɗu a kan Donati da kuma dalili. Matsalar itace an tsinci gawar Donati a but ɗin motarsa a 1991, Houghton ya mutu a 1992, babu wanda za a tambaya. Haka George Reissfelder, wanda ya yi shekara 16 a kurkuku kan kisan da daga baya aka soke hukuncin a 1982, John Kerry, wanda daga baya ya zama sakataren harkokin wajen Amurka, shi ne ma lauyansa a lokacin, yana cikin waɗanda ake zargin su suka shiga gidan, wasu danginsa sun ce sun ga zane irin na Manet ɗin a ɗakin kwanansa, shima ya mutu a 1991. Irin waɗannan mutanen in ka bi tarihinsu yawanci a gidan yari suka san juna ko a garejin wani da ya taɓa zama can.

Na uku, rajista na tona cinikin da aka yi a ɓoye. A 1999 FBI ta ɗana tarko ta kama Carmello Merlino da David Turner da wasu suna shirin fasa ma'ajiyar motocin ɗaukar kuɗi, kuma an nuna musu ƙarara cewa in zanen ya dawo za a duba lamarinsu. Merlino aka bashi shekara 47 ya mutu a ciki a 2005 bai kawo komai ba. Turner aka bashi 38. To a Amurka kowa na iya shiga shafin hukumar gidajen yarin tarayya a intanet ya rubuta sunan fursuna ya ga ranar fitarsa, sai 'yan jarida suka lura ranar fitar Turner ta matso daga 2032 zuwa 2025, shekara 7 sun zube ba tare da wani bayani a fili ba. Ba a rage wa mutum irin wannan don Allah ya kyauta, alama ce ta ya ba da wani abu, ko da yake takardar bata faɗi me ya bayar ba kuma shi ya sha musanta hannu a satar. Daga baya ma bai kai 2025 ɗin ba, ya fito a 2019.

Inda hanyar ke da rauni

Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Mutumin da ke fuskantar shekara 30 in ka ce masa ka san inda zanen yake zai ce ya sani, har kalar bargon da aka naɗe shi zai faɗa maka. Ga kuma tukuici, daga dala miliyan 1 aka kai 5 a 1997, aka kai 10 a 2017, kaga kowa na da dalilin ƙirƙira. A 1997 wani dillalin tsoffin kaya William Youngworth ya kai wani ɗan jarida wani sito cikin dare ya haska masa tocila a kan wani zane a naɗe wai shine na guguwar, sharaɗinsa a saki Connor a yafe masa nasa a bashi kuɗin. Aka kawo ɓarɓashin fenti aka auna, tsoho ne na zamanin amma bai dace da wancan zanen ba, ciniki ya watse.

Sai Robert Gentile na jihar Connecticut. A 2010 matar wani marigayi ɗan daba Robert Guarente ta ce mijinta ya miƙa masa wasu daga cikin zanen. Aka kama shi da laifin ƙwaya da bindiga, wanda kowa ya san matsa masa ake ya yi magana, aka bincike gidansa a 2012 aka samu wata takarda da aka jera kayan da farashin kowanne a kasuwar bayan fage, da wani rami a ƙarƙashin rumfar bayan gida, babu komai a ciki. Dattijo ne mara lafiya, ya yi shekaru a tsare, ga 'yanci ga miliyoyi an ajiye masa a gaba, bai kawo ko ƙyalle ba har ya mutu a 2021. Ni a ganina wannan ya nuna iyakar dabarar, in mutum a wannan halin bai bayar ba to mai yiwuwa kayan sun daɗe da barin hannunsa, ko kuma cika baki yake tun farko don ya damfari wasu 'yan'uwansa ɓarayi. Wannan ra'ayina ne, wasu da suka fi ni kusa da fayil ɗin suna ganin taurin kai ne kawai irin na mutanensu.

Ƙa'idar da na koya itace maganar fursuna ba shaida bace sai rajista ta gaskata ta. Ya ce wane ya gaya min a ɗaki, to a duba, sun taɓa zama gini ɗaya a wannan watan? Ya ce an ziyarce ni ranar kaza, sunan na littafin baƙi? Sannan ya faɗi wani abu da ba a taɓa bugawa a jarida ba, misali abin da ke bayan zanen, shi yasa nake nacin a ɗauki hoton baya a kuma ɓoye shi.

Wani abin da zai baka mamaki, su ɓarayin tun 1995 wa'adin gurfanar da su kan satar ya wuce don shekara 5 ne a dokar lokacin, wannan satar ce ma ta sa a 1994 majalisar Amurka ta mayar da shi shekara 20 ga manyan kayan fasaha, amma wanda aka kama da kayan a hannu har yanzu ana iya tuhumarsa. A 2013 FBI ta ce ta san waɗanda suka yi kuma kayan sun bi ta Connecticut zuwa Philadelphia, a 2015 ta ce su biyun sun mutu, bata faɗi suna ba. Yanzu kusan duk wanda za a matsa wa a kurkuku ya riga mu gidan gaskiya, saura magada da masu share tsoffin gidaje. Inaga shi yasa gidan Gardner ya ware tukuicin dala 100,000 daban a kan mikiyar nan ta saman tuta, don ita ba a naɗe ta a ɓoye kamar zane, ƙaramar aba ce da zata iya shekara 30 a kan kantar falon wani ana goge mata ƙura ba wanda ya san daga ina kakansu ya samo ta.